Shawarwari Goma Sha Biyu Don Kare Ƙananan Yara Daga Tamowa

Jihar Maraɗi ita ake wa kallon rumbun ƙasar Nijar. Gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da aya duk muna nomawa. Fadamar Gulbin Maraɗi ba ta rabo da ɗanyen ganye, gonakin noman rani na Jiratawa sun yi suna wajen zogale, jar akuyarmu kuma har ƙasashen waje an san ta. Duk da wannan albarka, a nan ne tamowa ta fi yi wa yara ɓarna a shekarar 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004. A shekarar 2005 kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu ƴan jihar nan. Hatsi bai ƙare a kasuwa ba a lokacin, tsada ce ta raba shi da talaka. Har gobe kuma kusan ɗaya cikin kowane yaro biyu ƴan ƙasa da shekara biyar a ƙasar nan bai kai tsayin da ya dace da shekarunsa ba.

Tamowa mai tsanani fuska biyu gare ta. Akwai mai ramewa: yaro ya bushe, haƙarƙari ya fito, fatar ɗuwawu ta saki, fuska ta koma ta tsoho. Akwai kuma mai kumburi: ƙafafu su kumbura, wani lokaci har fuska, gashi ya yi ja ya riƙa tsinkewa, fata ta riƙa saɓulewa, yaro ya daina wasa, ya ƙi abinci. Dukansu biyu suna zuwa ne idan jiki ya daɗe ba ya samun abin da ke ba shi ƙarfi da abin da ke gina shi, ko kuma ciwo na ta zubar da ɗan abin da ya samu. Ta fi kama yara daga wata shida zuwa shekara biyu, kuma ba ta bar birni ba, ba ta bar ƙauye ba. Ana ganinta a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi kamar yadda ake ganinta a garuruwan da ke kewaye da Tsibiri. Abin farin ciki shi ne, mafi yawan abin da ke kare yaro daga gare ta yana cikin rumbunmu da garkenmu da kasuwarmu. Abin da ya rage shi ne ya isa bakin yaro a kan lokaci. Ga shawarwari.

1. Mama zalla har wata shida

A sa jariri a mama cikin sa'ar farko bayan haihuwa. Dakashin nan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, domin cike yake da abubuwan da ke yaƙar cuta. Daga nan har ya cika wata shida, kada a ba shi komai sai mama: ba ruwa, ba bauri, ba madarar gwangwani, ba nonon dabba. Ko a zafin watan Afrilu, ruwan da ke cikin nonon uwa ya ishe shi; in ya ji ƙishi sai a ƙara ba shi mama. Ruwan randa yana cika masa ciki ya rage tsotso, tsotso in ya ragu nono ya ragu, ga kuma ƙwayoyin zawo da ruwan ke iya ɗaukowa. Iyayenmu kakanni, a nan maganarku ta fi ta kowa nauyi. In za a yi wa jariri addu'a, a tofa masa. In rubutu ne, uwar ta sha. Ita kuma maijego a ƙara mata abinci, a rage mata aiki, don da ruwan ciki ake jan na rijiya.

2. Kunun yaro ya yi kauri

Da zarar yaro ya cika wata shida, mama kaɗai ba ya isarsa, sai a fara ba shi abinci ana ci gaba da shayarwa. A nan ne gidaje da yawa ke yin tuntuɓe. Ana dama koko tsararo ko a tsiyaye ruwan fura a ɗura masa, ciki ya cika, a ɗauka ya ƙoshi. Cikin yaro ɗan wata takwas bai fi kofin shayi babba ɗaya ba. In ruwa ya cinye wurin, ina abinci zai zauna? Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebi kunun a cokali a karkata shi. In ya zube nan take, ya yi ruwa. In ya tsaya yana saukowa a hankali, ya yi daidai. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja a kowane kwano, don mai yana ƙara ƙarfi ba tare da cika ciki ba.

In yaro na wahalar haɗiye mai kauri, akwai dabara. A jiƙa gero kwana ɗaya, a rufe shi da tsumma mai laima kwana biyu ko uku har ya tsiro, a shanya shi ya bushe sarai, a daka. Ɗan kaɗan daga garin tsiron nan in aka barbaɗa cikin kunu mai kauri yana da ɗumi, zai saki ya yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai a mayar da shi wuta ya ɗan tafasa kafin a ba yaro.

3. A haɗa garin yaro a gida

Gero shi kaɗai yana ba da ƙarfi, amma bai cika gina jiki ba. In ya haɗu da wake da gyaɗa, abin da wannan ya rasa sai wancan ya cike. A kan wannan hikimar aka yi garin Misola, wanda aka fara a Fada Ngurma ta Burkina Faso a 1982: kashi 60 cikin ɗari gero, 20 waken suya, 10 gyaɗa, saura sukari da ɗan gishiri. Uwa na iya yin makamancinsa a tsakar gidanta. A auna gero gwangwani uku, wake ko waken suya gwangwani ɗaya, gyaɗa rabin gwangwani. A tsince, a wanke, a shanya. A soya kowanne daban a tukunya ba mai har ya yi ƙamshi, kada ya ƙone. A surfe waken, a murje ɓawon gyaɗar, a haɗa a kai inji ko a daka, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Kada a yi mai yawa. Na mako biyu ya isa. Wajen tsintar gyaɗa a zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta canza launi ko take ɗaci, domin tana ɗauke da dafin da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

4. Kullum a samu abu ɗaya daga dabba

Ba kowane gida ke iya sayen nama ba, amma yaro ba tulin nama yake buƙata ba. Ƙwai ɗaya dafaffe, an murmushe shi cikin kunu ko tuwo mai laushi, babban abu ne. Da damina ƙwan zabi yana araha a kasuwanninmu. Maganar da ake yi wai yaron da ya saba cin ƙwai zai tashi ɓarawo ba ta da tushe, kuma ta hana yara da yawa abin da jikinsu ke nema. Busasshen kifi ƙanana, irin wanda ake samu daga tabkin Madarunfa da sauran wurare, a daka shi da ƙayarsa ya yi lukwi a riƙa barbaɗawa. Fara ma abinci ce mai gina jiki ƙwarai: a cire ƙafafu da fukafukai, a daka, amma a guji wadda aka kama a inda aka yi feshin magani. Ɗan yankin hanta sau ɗaya a mako yana ƙara jini. Gidan da ke da jar akuya mai shayarwa, a tatsi kofi ɗaya a tafasa a dama kunun yaro da shi. Ranar da duk babu waɗannan, a nemi ƙosai, awara, dafaffen wake da aka murje, ko garin ƙuli-ƙuli marar yaji.

5. Ganye da kayan lambu su shiga kwanon yaro

Abin takaici ne a ce buhunan zogale na fita daga Jiratawa zuwa garuruwa masu nisa, alhali yaron da aka haifa a bakin gonar bai san ɗanɗanonsa ba. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli abincin manya ne saboda yaji, amma ana iya ɗebar wa yaro nasa kafin a sa barkono, a daka masa ya yi laushi. Lokacin da ganye ya wadata, a wanke shi a shanya a inuwa, don rana na cinye amfaninsa, a daka a adana. Ƙaramin cokali ɗaya na garin zogale a kunu ko a miya ya isa. Miyar kuka da daddawa, kabewa, karas, dankalin Hausa mai jan ciki, gwanda da mangwaro nunanne, duk suna kare ido da ƙarfafa jiki. Kowane gida, ko na haya ne a Zariya, na iya dasa zogale biyu ko uku inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa.

6. Kwanonsa daban, kuma sau da yawa

In ɗan shekara ɗaya ya sa hannu a kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun share. A zuba masa nasa daban, a zauna da shi, a lallashe shi, a ga abin da ya ci da ido. Daga wata shida zuwa takwas, sau biyu ko uku a yini. Daga wata tara zuwa shekara biyu, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Uwar da za ta wuni a gona ko a kasuwa, kada ta bar wa ƴar raino goyo kawai, ta bar mata abincin da za ta ba shi, a rufe. A birni kuwa, ƴan dalolin da ake miƙa wa yaro ya sayo alewa, biskit da lemon leda, in aka tara su sun sayi ƙwai ko ayaba. Kayan zaƙin nan suna kashe masa sha'awar abinci ne kawai. Shayi ma a bar wa manya, don yana hana jikin yaro ɗaukar abin da ke ƙara jini.

7. Yaye a hankali

Alƙur'ani mai girma a cikin Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, masana kiwon lafiya ma abin da suke faɗa ke nan. Al'adar yaye rana ɗaya, a shafa wa mama ɗaci a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, tana jefa yara da yawa cikin tamowa. A dare ɗaya ya rasa mama, ya rasa uwa, ya yi ta kuka, ya ƙi abinci, zawo ya biyo baya. A riƙa rage shayarwa kaɗan-kaɗan cikin makonni, ana ƙara abinci, yana kusa da uwarsa. In kwanika ta faru, wato ciki ya shiga a kan goyo, nonon bai lalace ba kuma ba ya zama guba. Uwa mai lafiya na iya ci gaba da shayarwa, a ƙara mata abinci, ta je awon ciki ta ji shawarar ungozoma. Mafi alheri dai maigida da uwargida su zauna su yi shawara a kan tazarar haihuwa, a bar aƙalla shekara biyu kafin wani ciki, don na goye ya yi ƙwari, ita ma jikinta ya dawo.

8. A tare zawo tun daga bakin randa

Yaron da ke zawo kowane wata ba zai yi ƙiba ba ko me ake ba shi. A wanke hannu da sabulu, in babu da toka, kafin girki, kafin ba yaro abinci, bayan fitowa daga bayi, da bayan an wanke wa yaro kashi. Kashin yaro a zuba shi a masai, kada a watsar bayan gida. Ruwan shansa a tafasa ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, a rufe randa, a ware mata moɗa guda. A ba shi abinci da kofi da cokali, a bar bulumboti, don wankinsa na da wuya. Kunun da ya wuni a buɗe kada a ba shi sai an sake tafasawa. In zawo ya zo, a narka ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na asibiti cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Kada a dakatar da mama ko abinci.

9. Rigakafi, da ciyar da marar lafiya

Ba banza ba asibitocin yara ke cika daga Yuli zuwa Oktoba. Lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, sauro kuma ya yi yawa. Masassarar cizon sauro tana shanye jini ta kashe sha'awar abinci, tamowa kuma tana sa masassarar ta fi tsanani. Yaro ya kwana cikin gidan sauro kowane dare. Maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida kowane wata da damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, a ba shi duka kwana ukun, ba na ranar farko kaɗai ba. A cika alluran rigakafi, musamman ta baƙon dauro a wata tara da ta biyunta. A karɓi bitamin A duk wata shida, da maganin tsutsar ciki bayan shekara ɗaya. Yaron da ke kwance a riƙa ba shi abin da yake so kaɗan-kaɗan a kai a kai, bayan ya warke kuma a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, ya mayar da abin da ya zube.

10. Uwa ta iya awo da kanta

Akwai ɗan zaren awo mai launi uku da ake naɗawa a dantsen yaro. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da Befen sun koya wa iyaye mata amfani da shi a 2013 da 2014, aka ga suna gano tamowa daidai da ma'aikatan sa-kai, har ma yaransu kan isa asibiti da wuri. A nemi wannan zare a gidan likita na unguwa. Ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, a sa hannun hagu ya saki, a naɗa zaren a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba, ba a sake ba. Kore lafiya lau. Ruwan ɗorawa, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, gargaɗi ne, a je a nuna shi cikin makon. Ja, ƙasa da 11.5, a tafi a ranar. Sai gwajin kumburi: a danna bayan tafin ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, a ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafafun biyu, wannan ba ƙiba ba ce, tamowa ce mai haɗari. A maimaita awon duk mako biyu, da damina kuwa duk mako.

11. Asibiti da wuri, kuma abincin jinya na mai jinya ne

Tamowa ba maita ba ce, ba kambun baka ba, ba kuma abin kunya ba. Kada a ɓata kwanaki wajen cire beli, tsaga, ko jiƙe-jiƙe. Zubar jini na ƙara raunana yaron da dama ba shi da jini. Tun 2006 dokar ƙasa ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a asibitocin gwamnati. Yaron da ke iya ci, ba shi da wani ciwo mai nauyi, ana ba shi abincin gyaɗa na musamman, Plumpy'Nut, a koma gida ana zuwa awo duk mako. Ƙunshi ɗaya mai giram 92 yana ɗauke da kalori 500, kuma tun 2005 ana yin sa a Yamai. Magani ne da aka auna daidai da nauyin yaron. Ba a dama shi da ruwa, ba a raba shi da yayye, ba a kai shi kasuwa. A fara ba da mama, sannan a ba shi, da ruwa mai tsabta a kusa. Kada a daina zuwa don an ga ya fara murmurewa, sai ma'aikaci ya sallama.

Amma in yaro ya ƙi ci gaba ɗaya, yana amai da komai, kumburi ya hau jiki, numfashi na sauri, jiki ya yi zafi ƙwarai ko ya yi sanyi, yana suma ko barcin da ba a iya tayar da shi, kwantarwa ce a sashen asibiti da ake kira CRENI. Can ana farawa da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, domin ɗura wa irin wannan yaro abinci mai nauyi farat ɗaya na iya halaka shi. A hanya a rufe shi, a rungume shi a jiki, musamman da hunturu, ana ba shi mama.

12. Maigida, rabon yaro tun kaka ake fitar da shi

Wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Da kaka ana sayar da wake da gyaɗa da araha don biki da biyan bashi, da damina a sayo su da tsada ko a haƙura. Kafin buhun farko ya fita, a ware tiyoyin wake da gyaɗa na yaro, a adana waken cikin buhun nan mai leda biyu a ciki ko jarka mai toshi don kada ƙwari su ci. Inda akwai bankin cimaka ko tsarin ajiye amfanin gona a karɓi rance, a shiga. Abin da mace ta noma a gamanarta da akuyar da ke ba da nono kada su zama farkon abin sayarwa. Maigidan birni, in ka tsaya wajen mai tsire da dare, ka tuna da ƙaramin gidan da ya riga ya yi barci. A ajiye masa nasa, ko ka shigo da ƙwai biyu. In tafiya asibiti ta kama, kada uwa ta zauna jiran izini ko kuɗin kabu-kabu. A ba ta izinin tun yanzu. Mata kuma, asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar nan a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE kafin ya bazu ƙasashe da dama, yana iya ware ɗan kaso don rashin lafiyar yara da sayen kayan garin kunu a dunƙule.

Talauci gaskiya ne, tsadar hatsi ma gaskiya ce, kuma hukuma na da nata nauyin na samar da ruwa mai tsabta, magani da ma'aikata. Amma abin da yaro ya rasa daga shigar cikinsa zuwa cikarsa shekara biyu da wuya a mayar masa daga baya, a tsayi ko a kaifin ƙwaƙwalwa, don haka ba a jira sai abubuwa sun gyaru. A fara da abu biyu cikin makon nan: a nemo zaren awo, a kuma haɗa garin kunu. Wanda ya iya ya koya wa maƙwabta, liman da mai unguwa su riƙa tunatarwa a wurin suna da ɗaurin aure. In kuma kika ga ɗan maƙwabciya yana ramewa ko ƙafarsa ta kumbura, ki yi mata magana cikin mutunci, ki raka ta gidan likita. Ƴaƴa amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya, ya yi musu albarka.